Kafin jirgi ya iso Maraɗi, a tuna da masu tafiya a ƙasa

Ƴan kasuwa maza da mata na Madawa, Buza da Kaita, maganar yau ta shafe ku, ko da yake babu layin dogo a ƙasarku. A shekarar 2021 aka aza tubalin layin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kusan kilomita 284. Ranar da jirgi ya fara aiki, albasarku da wakenku da bisashenku can za su nufa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma ta Kano ne gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bi zuwa teku. Duk inda aka kafa tasha, kasuwa na biyo ta. Mai tuwo da mai fura da ɗan dako su ne ke ƙetare layi sau goma a wuni, da kaya a ka, wata ma da goyo. Jirgi kuwa ba kamyo ba ne, ba ya tsayawa nan take.

Maganin abin shi ne kadarkon masu tafiya a ƙasa, wanda ke bi ta saman layi. In an yi shi da kyau, yana daɗewa. A Kaduna akwai kadarkon ƙarfe da Gwamna Lugga ya sa aka gina a Zungeru a 1904. Daga baya aka kwance shi aka kai shi Kaduna, a 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin Najeriya. Ya haura shekara 120 saboda an ɗauke shi abin gado. Ƙarfen da aka bari ba fenti, tsatsa ke cin sa, sauran kuma ƴan gwangwan su kwashe.

Mun ga layin Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, bai zama hanyar kasuwa ba. Kada a sake yin aiki babu shawarar masu amfani da shi.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata, su je wurin magadan gari da hukumomin sufuri tun yanzu. A nemi kadarko a kowace tasha da ke kusa da kasuwa. Ya zama mai faɗi, matakalarsa ba tsaye ƙiƙam ba, yadda tsohuwa da mai baro za su iya hawa, da fitila don dare. A kuma san wanda zai riƙa gyaransa.

Matan Kaita sun ɗauki duwatsu a ka tun daga 1984 suka tare zaizayar ƙasa, sun san darajar gini mai ƙarko. Irinsa muke so mu bar wa jikokinmu. Tun ran gini, ran zane.