Ƙuri'a Ba Ta San Launin Fata Ba

Mugunta iri biyu ce, ta ƙarfi da ta wayo, ta wayon kuwa ta fi ƙeta. Abin da aka yi wa baƙar fatar Amurka wajen zaɓe ya isa shaida.

A shekarar 1870 aka rubuta cikin tsarin mulkin ƙasar cewa kada a hana ɗan ƙasa ƙuri'a saboda launinsa. Da Turawan jihohin kudu suka ga ba dama su karya doka a fili, sai suka zagayo ta bayan gida. A 1890 Jihar Misisipi ta aza harajin zaɓe, dala 2, ta kuma ce sai mutum ya karanta wani sashe na tsarin mulkin jihar, ko ya bayyana ma'anarsa har akawun rajista ya gamsu. Akawun nan kuwa Bature ne, shi ke tambaya, shi ke hukunci. Malami baƙi ya faɗi, jahili fari ya ci. A Luwiziyana baƙar fata fiye da 130,000 ke cikin rajista a 1896, amma a 1904 ba su kai 1,400 ba. Karatun da Allah ya yi fitila, ga shi an mai da shi mari!

Masu kare wannan zalunci suka ce jahili bai san wanda zai zaɓa ba. To, in jahilci ake gudu, don me Luwiziyana ta yafe jarrabawa ga wanda kakansa ke da ikon zaɓe tun da, alhali an san kakannin baƙar fata bayi ne? Haka aka zauna har 1965. Sai da 'yan sanda suka yi wa masu neman hakkinsu dukan kawo wuƙa a gadar Selma, sannan Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar da ta rushe jarrabawar.

Addini ma bai tsira ba. A 1928 aka yi ta yaɗa cewa in Al Smith ya ci, Paparoma ne zai mallaki Amurka, don shi ɗan Katolika ne. Ya sha kaye. A 1960 Kennedy, ɗan Katolika, ya ci zaɓe, ba wanda ya ga Paparoma. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saboda haka duk ɗan siyasar da ya zo yana zancen fatar abokin takararsa ko wurin ibadarsa, a tambaye shi rijiya nawa ya haƙa, makaranta nawa ya gina. In ya yi shiru, mai ƙuri'a ya riƙe abarsa.