Zafin Bazara da Ajalin Batirin Waya a Karkarar Tofa

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya kai Janguza ya kutsa cikin ƙasar Tofa, zai lura da wata sana'a wadda shekara talatin da suka wuce babu wanda ya san da ita. A bakin kasuwa ko kusa da tashar mota akwai ɗan shago mai rufin kwano, wani lokaci ma kwantena ce ta ƙarfe, an kafa katako a ciki an jera masa soket bila adadin, wayoyin hannu kuwa sun kwanta bisa juna kamar ƙosai a faranti. A waje ƙaramin janareta yana ta ruri, ko kuma farantin sola yana shan rana a kan rufin. Nan ne manomin Lambu da ɗalibin Doka da mai tallar fura ta Yanoko suke kai wayoyinsu caji, tun da wutar lantarki ba ta tabbata. Idan aka miƙo wa mutum wayarsa da azahar a watan Afrilu, sau da yawa sai ya sauya mata hannu saboda zafi. Ba a jimawa kuma sai a ji yana kukan batir ba ya riƙe caji, ko ya kumbura har ya ɗaga murfin baya.

Wannan asara ba ƙarama ba ce. Wayar da ake jin farashin gero da wake na kasuwar Dawanau da ita, ake karɓar kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga kudu, ake duba sakamakon jarrabawa, sau tari da kuɗin amfanin gona aka saye ta. Idan ta lalace, wasu su ce jabu aka sayar musu, wasu su ce wai cutar kwamfuta ta shige ta, wasu ma su ce baki ne. Masu iya magana dai sun ce ruwa ba ya tsami banza. Babban abin da yake gajarta ran batir a wannan ƙasa shi ne zafi, kuma kaso mai yawa na wannan zafi da hannun mutane ake ƙara shi, galibi a wurin caji.

Ɗalibin ilmin halittu ya riga ya san tushen maganar, ko da bai taɓa danganta ta da waya ba. Da sanyin safiyar hunturu ƙadangare yakan lafe a jikin katanga, da ƙyar yake motsi, har yaro ya iya cafke shi. Sai rana ta ɗumama shi sannan ya zama sai dai a ga ƙurarsa. Haka nan furar da take kwana lafiya lau a watan Janairu, a watan Mayu kafin la'asar ta yi tsami. Dalili guda ne: duk wani aiki da sinadarai suke yi a tsakaninsu, a cikin tsokar ƙadangare ne ko a cikin ƙwaryar fura, yana ƙara sauri idan zafi ya ƙaru. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya tsara lissafin wannan al'amari a shekarar 1889. A taƙaice, kuma bisa ƙiyasi, ayyukan sinadarai da yawa suna ninka saurinsu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Wato abin da yake tafiya sannu a digiri 25, a digiri 35 ya ninka, a digiri 45 kuwa ya ninka har sau huɗu.

To, batirin waya shi ma tukunyar sinadarai ce. A cikinsa akwai falle biyu: ɗaya na girafayit, wato irin baƙin abin nan da yake cikin fensir, ɗayan kuma na sinadarin lithiyam da aka haɗa da wasu ƙarafa irin su kobalt. A tsakaninsu akwai wata 'yar takarda ta roba wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba, an jiƙa duka da wani ruwa mai saurin kama wuta. Idan ana caji, ƙwayoyin lithiyam suna ƙaura zuwa ɓangaren girafayit. Idan ana amfani da waya, su komo. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta ilmin sinadarai.

Da a ce kai da komowar lithiyam kaɗai ake yi a ciki, da batir ba zai tsufa ba. Amma akwai wani aikin da ba a so, wanda yake gudana a ɓoye dare da rana. Ruwan nan yana cin fuskar girafayit a hankali, yana barin wani ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Duk lokacin da ƙanzon ya ƙara kauri, ya haɗiye wani kaso na lithiyam wanda ba zai sake dawowa aiki ba, ya kuma tsuke hanyar da saura suke bi. Wannan ne tsufan batir, kuma dokar Arrhenius tana aiki a kansa kamar yadda take aiki a kan fura. Idan zafi ya tsananta, ruwan yakan fara ruɓewa ya fitar da iska, ita ce take kumbura batir. Mafi munin hali kuwa shi ne batir ya cika maƙil da caji sannan ya zauna cikin zafi, domin a lokacin ne sinadaran suka fi zama a kan ƙaya. Abin lura a nan, ƙadangare idan rana ta yi masa yawa yakan gudu inuwa ya farfaɗo, amma ɓarnar da zafi ya yi wa batir ba ta warkewa ko an sanyaya shi.

Su kansu masu ƙera wayoyin ba su ɓoye wannan ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya bayyana cewa an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma ya yi gargaɗin cewa zafin da ya haura haka yana iya rage ƙarfin batir har abada. A ƙasar Kano kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, ba abin mamaki ba ne zafi ya kai digiri 40 ko ya ɗara. Kada mai karatu ya manta cewa masu hasashen yanayi a inuwa suke yin awonsu. Cikin kwantenar ƙarfe da tsakar rana, ko kan kujerar babur da aka ajiye a fili, ko gaban gilashin motar haya, lamarin ya wuce nan nesa. Ɗan Adam yana riƙe zafin jikinsa a wajen digiri 37 saboda Allah ya hore masa gumi, wanda idan ya bushe yakan tafi da zafi. Waya ba ta da gumi, kuma galibin wayoyi ba su da fanka. Ta bayanta da gefenta kaɗai take sakin zafi. Wanda ya sa mata riga mai kauri ta roba, ya ɗora ta bisa wasu wayoyi biyar da su ma suke caji, tamkar ya lulluɓe mai zazzaɓi da bargo ne a bazara.

Akwai kuma wani dalili da ya fi shafar mutanen karkara. Waya kullum cikin magana take da ƙarfen sabis mafi kusa da ita. Idan ƙarfen yana nesa, ko katangun ƙasa masu kauri sun tare, sai wayar ta ƙara ƙarfin siginar da take aikawa, kamar mai kiran ɗan'uwansa daga wancan ƙarshen gona. Wannan ɗaga murya yana shan caji, yana kuma haifar da zafi. Shi ya sa waya guda za ta yi wuni a cikin birni, amma a ƙauyen da sabis yake sanda ɗaya ta mutu kafin la'asar. A haɗa da hasken fuskar waya da ake ƙurewa saboda rana, da kallon bidiyo na sa'o'i, sai a ga caji yana zuba kamar ruwa a kwando. Idan waya ta yi zafi takan rage saurinta da kanta don ta kare kayan cikinta, kuma wannan nawar ce mutane suke ɗauka cuta ce. Su kuwa manhajojin da ake tallatawa wai suna sanyaya waya, abin dariya ne: aikin da za su yi ma ƙarin wuta ne ga injin da ya riga ya gaji.

Batun caja kuma, araha ba ta ado. Aikin caja shi ne ta karɓi lantarki mai ƙarfin bolt 230 ta mayar da shi ɗan kaɗan, tsayayye, wanda waya za ta iya sha. Cajar kirki tana da kayan kariya a cikinta. Ta bogi an rage mata su don a sayar da arha, ga shi kuma wutar ƙaramin janareta hawa da sauka take yi. Wanda yake ganin maganar gobara tatsuniya ce, sai ya tuna da abin da ya sami wayar Galaxy Note 7 ta kamfanin Samsung a 2016. Kuskure wajen ƙera batir ya sa fallen nan biyu suna taɓa juna, wayoyi suka riƙa kamawa da wuta, aka janye miliyoyinsu daga kasuwa, aka hana shiga jirgin sama da su, a ƙarshe aka daina ƙera ta ɗungurungum. Idan babban kamfani mai ɗakunan gwaji zai gamu da haka, ina ga batirin da ba a san asalinsa ba, wanda ake kwana da shi ƙarƙashin matashi yana caji?

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai shagon caji laifi. Ya toshe wata kafa ce da ta daɗe a buɗe, yana kuma neman halalinsa. Sai dai gyaran da ake buƙata daga wurinsa ya kamata ya fara, kuma ba mai tsada ba ne. Rumfar zana ko ta kara a saman kwano, da tazara tsakaninsu, tana rage zafin shago ƙwarai. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a jera wayoyi ɗai-ɗai a kan katako ba a gwamutsa su ba, a cire musu riga kafin a jona, a zare wadda ta cika, a nisanta janareta daga ƙofa, don hayaƙinsa ma guba ne. Masana suna ba da shawarar a tsayar da caji a wajen kashi 80 cikin 100, kuma gaskiya ce hakan yana ƙara wa batir kwana. Amma wanda ya biya kuɗinsa, kuma bai san ranar da zai sake samun caji ba, da wuya ya yarda a ba shi waya ba ta cika ba, kuma yana da hujja. Haka mai sola: ƙarfin wutarsa da tsakar rana yake, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Saboda haka a irin wannan wuri inuwa da iska su ne abin da ya fi dacewa a dage a kai.

Dabarar yaƙi da zafi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Randa tana sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa da bushewa, kamar dai gumi. Da wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Kada dai wani ya ji haka ya jefa wayarsa cikin firji ko ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Laima takan taru a cikinta ta cinye ƙananan wayoyin lantarkinta. Waya mai zafi a kashe ta, a tuɓe mata riga, a ajiye ta a kusurwar ɗakin ƙasa mai sanyi, ta huce da kanta.

Malaman kimiyya na makarantun sakandare suna da darasi kyauta a nan. Ma'aunin zafi guda ɗaya na ɗakin gwaji ya isa. A tura ɗalibai su auna zafi da ƙarfe biyu na rana a gindin mangwaro, da cikin soro, da cikin shagon kwano, da kan sirdin babur, su rubuta har tsawon mako biyu, su zana jadawali, sannan su kwatanta da digiri 35 ɗin nan. Idan sun gama su kai wa mai cajin unguwarsu sakamakon cikin ladabi. Jami'o'i kuma ya kamata su riƙa gwada batura da cajojin da ake sayarwa a kasuwannin waya irin na Farm Centre a cikin zafi irin na bazarar Kano, su sanar da jama'a da Hausa. Kamfanin Transsion mai Tecno da Itel da Infinix ya ci kasuwar Afirka ne don ya lura da bukatar layi biyu da babban batir. Jure zafi ma bukata ce da ta cancanci a matsa wa masu ƙera waya a kanta.

Saura batirin da ya riga ya kumbura. Kada a huda shi, kada a danne shi don murfi ya rufu, kada a ba yara su yi wasa da shi. Kada kuma a jefa shi a bola, kuma wannan ya fi muhimmanci a Tofa fiye da wurare da yawa. Ƙasar da take kewaye da birnin Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ta shahara da noma gona guda kowace shekara ba tare da hutu ba, kuma sirrin hakan shi ne taki: kashin dabbobi da toka da sharar gida da ta birni, waɗanda ake kwasa a kai gona kafin faɗuwar damina. Batirin da aka yar a juji, ko dai ya fashe ranar da aka cinna wa jujin wuta, ko kuwa ya bi amalanke zuwa gonar gero da duk ƙarafan da suke cikinsa. Kafin a sami wurin tattara irin wannan shara, mafi sauƙi shi ne kowane mai gyaran waya da mai shagon caji ya tanadi bokitin ƙarfe da busasshen yashi a inuwa, nesa da fetur ɗin janareta, a riƙa binne matattun batura a ciki bayan an liƙe bakinsu da salatif.