Ƙera Jita A Gida Ba Shiririta Ba Ne

Ina so in yi magana a kan wani abu da ya kusa haɗa ni da mahaifina a hutun daminar da ta wuce, watau jitar da na ƙera da hannuna a zauren gidanmu a nan Matazu. Mutane da yawa suna ganin yaron da ya zauna yana fafe katako don ya yi abin kiɗa ya kama hanyar lalacewa. Ni kuwa a ganina ba haka ba ne, kuma ga dalilaina.

Abin ya samo asali ne daga wata tsohuwar jita da na gani a hannun wani baƙo. Na tambayi kuɗinta, na ji ko na sayar da akuyata ba zan iya saye ba. Sai na ce a raina, ai wanda ya yi ta mutum ne kamata. Kawuna kafinta ne, don haka in mun taso daga gona da azahar sai in je in taya shi aiki, shi kuma ya bar mini guntayen katako, ya ara mini zarto da guduma. Na yi akwatin da siririn falanki, na huda rami a tsakiyar fuskarsa, na yi wuya da reshen bedi, tsirkiya kuwa na warware wayar birkin keke na ɗaura.

Wannan ta fari ba ta yi ba. Cikin mako biyu wuyan ya lanƙwashe kamar baka, domin icen ɗanye ne. A nan na koyi darasi na fari: tsirkiyoyi shida na ƙarfe, in an ɗaure su tam, suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai nauyin babban mutum. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gaggawa aikin Shaiɗan. Ice sai ya bushe kafin ya yi biyayya." Ya ba ni busasshen maɗaci, na sake sabon aiki.

Darasi na biyu shi ne lissafi. Jita tana da ƙananan ƙarafa da ake jerawa a wuyanta, inda yatsu ke danna tsirkiya. Da na dasa su da ka, sautin ya fito kamar kukan jaki. Ashe akwai ƙa'ida. In tsawon tsirkiya daga kai zuwa jakin da ke ɗauke da ita santimita 65 ne, sai ka raba 65 da 17.8, ka sami wajen 3.6, nan ne mazaunin ƙarfe na fari. Sa'an nan ka debe wannan daga 65, ka sake raba abin da ya rage da 17.8, ka sami wajen 3.4, nan ne tazarar na biyu. Haka za ka yi ta yi. In lissafinka daidai ne, ƙarfe na 12 zai faɗa tsakiyar tsirkiya cif, a kan santimita 32.5. In ka kuskure, ba malami ne zai ja maka jan biro ba, kunnenka ne zai ƙaryata ka. Ni da nake gudun rabawa mai ɗigo tun ina aji ɗaya, sai ga ni na cika shafi huɗu da ita ba wanda ya sa ni.

Darasi na uku na kimiyya ne. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya sosai. Girgizarta ce take bi ta jaki ta shiga fuskar akwatin, fuskar ta kaɗa iska, sa'an nan a ji amo. Saboda haka dole fuskar ta zama siririya, a kuma tallafe ta da 'yan sanduna daga ciki don kada ta tsage. A shekarar 1862 wani maƙerin jita na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya yi jita wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskarta kaɗai ta katako mai kyau, don ya nuna a fuskar sirrin yake. Amma kakanninmu ma sun san wannan. Shi ya sa mai gurmi da mai goge da mai garaya ke jan fata tam a bakin ƙwarya ko akushi kafin su ɗora tsirkiya.

To, ran da Baba ya shigo zaure ya tarar da ni ina gwada ta, sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "Mu gidan nan manoma ne, ba maroƙa ba. Ban sayar da masara na biya maka kuɗin makaranta don ka zama makaɗi ba." Ya ɗaga ta zai buga da ƙasa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka dubi wannan tukuna." Na miƙa masa littafin lissafin. Ya daɗe yana juya shafukan, sa'an nan ya ajiye jitar a hankali. Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi kada ya ji ta lokacin salla, ko da dare, ko ranar da akwai aikin gona, kuma in sakamakon jarrabawata ya sauka, murhu zai ci ta. Na karɓi sharuɗɗan, domin gaskiya ne.

Ban ce tsoron iyayenmu ba shi da tushe ba. Akwai samarin da kiɗa ya raba da karatu, ya kai su yawon banza. Akwai kuma malamai da ba su son kayan kiɗa, kuma ba ni da ilmin da zan ja da su. Abin da nake cewa shi ne, ƙira daban, roƙo daban. Yaron da ya yi wata biyu yana awo da yanka da gogewa a gaban idon iyayensa, ba shi ne ke zaune a tasha ba. Hannun da ya iya haɗa akwatin jita ba tare da ɓaraka ba, gobe zai iya haɗa tebur da ƙofa da akwatin zuma.

Kada kuma mu raina abin da aka fara da tarkace. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zagaya duniya, kuma kuntigi ba kome ba ne illa gwangwani da aka rufe da fata, da 'yar sanda, da tsirkiya guda. A Nijar, Mdou Moctar ya fara ne da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, daga baya ya yi wasa a Turai da Amurka. Ko maƙwabcinmu na Musawa, Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Ni ba burina ke nan ba. Injiniya nake so in zama. Amma na lura duk injiniya daga ƙera ƙaramin abu ya fara, kamar yadda muka fara da motar kara lokacin kaka.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta ba mu dama mu kafa ƙungiyar aikin hannu, mu riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa ya ƙera abin da yake sha'awa, ko jita, ko gurmi, ko kejin kaji. Iyayenmu kuma, in kun ga ɗanku da zarto, ku tambaye shi abin da ya koya kafin ku karya abin da ya yi. Ku kuma 'yan'uwana, in an ba mu rana kada mu ɓata ta: karatu gaba, sha'awa baya.

Jitata tana nan rataye a ɗaki. Tsirkiyarta ta huɗu har yanzu tana ɗan zuza, domin na kuskure awon ƙarfe na bakwai da ƙiris. In Allah Ya kai mu hutu mai zuwa zan cire shi in sake. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.