Barasa da juna biyu: Tambayar da ta dace da ɗakin awo a Kura da Bunkure

Tun bayan da Kano ta rungumi shari'ar Musulunci a 2000, giya ta haramta a dokar jihar, Hisbah kuma na farfasa kwalabenta lokaci-lokaci. Shi ya sa ake ɗaukar illar barasa ga ɗan tayi a matsayin matsalar wasu ƙasashe.

Likitocin Amurka, Kenneth Jones da David Smith, ne suka raɗa wa lalurar suna a 1973. Barasa kan ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma lahanin ba ya warkewa. Har yau bincike bai gano adadin da mai ciki za ta sha ba tare da haɗari ba.

A yankin noman rani na Kura da Bunkure, abin dubawa shi ne tsimin da ya kwana biyu har ya yi tsami, da jiƙe-jiƙen roba da ake tallatawa a matsayin maganin basir ko ciwon baya, alhali wasunsu da barasa aka haɗa su. Mace za ta iya sha da sunan magani.

Idan malamar awo ta ce, “Kina shan giya?” amsar a fili take, wataƙila har da ɓacin rai. Gara ta tambaye ta abin da take jiƙawa idan bayanta ya riƙe, ta kuma nemi ta kawo robar a gani.