Tsohuwar waya a tsohon gida

Gidan da aka ja wa wuta tun zamanin NEPA, lissafin ƙwan fitila huɗu da fanka da rediyo aka yi masa. Yau wannan wayar ce ke ɗauke da firji, dutsen guga, hita da injin jan ruwa, ga janareta an liƙa ta bayan gida. A gidanmu na gado da na buɗe wani soket, robar wayar ta bushe tana marmashewa a hannu, a wurin fis kuma an naɗa zaren waya mai kauri wanda ba zai tsinke ba ko da silin ya kama da wuta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke neman mai gyara: duk yaron da ke yawo da filaya da tasta a aljihu sai mu ce masa injiniya. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba raini ba ne ka ce a nuna maka ita. Ka tambayi mai gyaran kaurin wayar da zai sa: murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, soket sai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki kuwa layinta daban, mai kauri. Ka bi shi kasuwa da ƙafarka, domin akwai wayar da fatarta ce kawai jan ƙarfe, cikinta alminiyum ne. Idan bai yi maganar binne sandar ƙarfe a ƙasa ba, wadda ke zuƙe wuta in ta ɓalle, ni dai sallamarsa nake yi tun kafin a yi ciniki.