Amortisa mai araha ba ta san hanyar Yekuwa ba



Yau maganar wani ƙarfe za mu yi, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da ɗan wani abu ba, yana ɓoye bayan taya, ba mai tuna shi sai ya mutu. Amortisa ke nan, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa shok-abzoba.

Ga abin da ya jawo maganar. A daminar da ta wuce mun shiga wata kat-kat, Hilux, daga wani ƙauye za mu Magaria. A baya an shimfiɗa katifa, an kwantar da wata baiwar Allah da naƙuda ta yi wa tsawo, an ce a kai ta babban asibiti. Muna hawa jar hanya motar ta kama rawa. Rami ɗaya za ta faɗa, ta yi tsalle uku kafin ta natsu. Direba ya ƙara wuta, bayan motar ya nemi ya wuce gabanta. Ya rage wuta, uwar yarinyar tana buga rufin mota tana cewa: "Ɗan nan, don Allah ka yi sauri!" Tafiyar da aka saba yi cikin awa guda sai da ta kusa cin biyu. Allah ya taimaka aka isa, ta sauka lafiya.

Da muka yi wa mai motar magana, sai ya dafe kai. "Wallahi Malam, watan jiya na sa sababbi, guda huɗu." Ba ƙarya ya yi ba. Washegari a garaji makaniki ya nuna mana su: fenti bai ko dushe ba, amma biyun baya sun zubar da mai har ƙasa, ƙura ta manne musu kamar an shafa kunu. Kwalinsu na nan cikin mota, da sunan babban kamfani a jiki. Makanikin ya juya kwalin, ya yi dariya, ya ce: "Alhaji, kwalin dai ka saya."

Ra'ayinmu shi ne: a hanyoyinmu, amortisa mai riba ita ce wadda in ka raba kuɗinta da watannin da ta yi tana aiki, lissafin ya fito kaɗan. Kuma ba lalle ba ne ta zama mafi tsada a shago.

Akwai wani kuskure da ya zauna a tashoshinmu, sai mun fara kawar da shi. Da yawa sun ɗauka amortisa ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba ita ba ce. Nauyi aikin lam ne, wato jerin falankan ƙarfen nan na baya da wasu ke ce wa sifirin, ko kuma murɗaɗɗen ƙarfen gaba. Shi lam in ya lanƙwashe sai ya mayar, ya sake lanƙwashewa, ya sake mayarwa, bai san tsayawa ba. Amortisa ita ke ce masa ya isa. A cikinta mai ne, da fistan mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da taya ta yi sai man ya matsu ta waɗannan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi. Da haka taya ke zama manne da ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Saboda haka wanda ya lafta wa mota buhu kan buhu ranar kasuwa, bayanta ya zauna, ya ce bari ya sayo "amortisa mai ƙarfi" ta ɗaga ta, ya ɓata kuɗinsa. Lam ɗinsa ne ya gaji.

To me ya sa suke saurin mutuwa a nan? Gargada. A gudron, daga Magaria zuwa Damagaram, amortisa hutawa take yi, sai jefi-jefi. Amma ka sauka jar hanya ko ka bi turbar ƙauye, fistan ɗin nan yana hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa, ga ranar bazara, ga lodi. Man ya yi zafi, ya tsinke, ya yi kumfa. Kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Shi ya sa direba zai ce maka da safe motar lafiya lau take, da ya yi nisa sai ta sake. Ga kuma rairayi da ke shiga ya goge robar bakin sanda, mai ya samu hanyar fita. Masu ƙera su a Turai sukan ba da shawarar canji wajen kilomita 80,000. Wannan lissafin titinsu ne. Wanda ke jigilar Dungass da Maigatari kowace Alhamis kada ya jira wannan lamba.

Abin da ke shaguna, in an tace, kashi uku ne ta fuskar ƙira. Akwai ta mai zalla, mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya: ita ce mafi sauƙin kuɗi, tana da taushi, amma ita ke saurin kumfa. Akwai mai bututu biyu da aka ɗura wa iskar gas (azot, yadda muka koya a lakkwal), iskar tana danne man ta rage kumfar. Sai mai bututu ɗaya, inda aka raba mai da gas da wani fistan na biyu. Wannan ta fi sauran fitar da zafi, ta fi su tsada, kuma tana da laifi ɗaya: in dutse ya lotsa jikinta, fistan ya maƙale, shi ke nan. Mai bututu biyu ko ta ɗan lotse daga waje, na cikin yana ci gaba da aiki.

Mu dai in aka tambaye mu, ga Hilux ko Land Cruiser da ke neman abinci tsakanin Yekuwa, Kwaya, Sassumburum da Bande, ta tsakiyar muke zaɓa: mai gas, mai bututu biyu, mai kaurin jiki, don mai kauri ta fi ɗaukar mai, mai yawa kuma ya fi jinkirin zafi. Ta kamfanin da aka sani, irin KYB ko Tokico na Japan, ko Monroe, ko wadda ke zuwa cikin kwalin Toyota, matuƙar ta gaske ce. Su Bilstein na Jamus da Old Man Emu na Ostareliya, waɗanda akan gani ƙarƙashin motocin masu ratsa Sahara, ba mu ce ba su da kyau ba, suna da shi ƙwarai. Amma mai mota ɗaya da ke ciyar da gida da ita, in ɗaya ta lalace a tsakiyar kaka, ina zai samu ƴar uwarta a Magaria? Sai ya ajiye mota yana jiran saƙo. Wannan jiran ma kuɗi ne.

Ku ɗauki alƙalami. A ce guda biyu masu araha jika goma sha biyar ne, suna yin wata uku. A ce masu kyau jika hamsin ne, suna yin shekara ɗaya da rabi. Cikin wata 18 mai araha ya sayi sau shida, jika casa'in ke nan, ban da kuɗin makaniki sau shida, ban da ranakun da mota ta kwana a garaji, ban da tayar da ta cinye tudu-tudu, ban da lam da ya karye don ba mai tsayar da shi. Ku sa farashin da kuka sani a wurin namu, ku ga ko lissafin zai juya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Mun san abin da za a ce: "Malam, kai kana bakin makirfo, ba ka san yadda kasuwa take ba." Mun sani. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, kayan mota ba su koma yadda suke ba. Hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina. Naira kuma ta faɗi tun Yunin 2023, a lokacin ɗan kasuwar Kano ya riƙa canza farashi kusan kullum, shi kuma mai sefa a hannu ya riƙa ganin kamar ya samu banza. A irin wannan yanayi ne jabu ke cika kasuwa, don kowa na neman abin da aljihu zai ɗauka. Ba mu zargin wanda ba shi da kuɗin huɗu. Abin da muke cewa, in kuɗin biyu gare ka, sayi biyu na kirki ka sa a inda suka fi mutuwa, gaba biyu ko baya biyu, ka tara na sauran. Amma kada ka sa sabuwa a dama ka bar tsohuwa a hagu. Motar za ta riƙa jan gefe a birki da kwana, sabuwar kuma ta ɗauki aikin biyu ta mutu da wuri.

Sai batun okaziyon, ƴan Baljiyam. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da shagunan kayan mota na Damagaram da Maraɗi, za ka samu tuli. Wasu kayan, na hannu ɗin ma ya fi sabon jabu, ba mu musu. Amma amortisa ba ƙofa ba ce, ba fitila ba ce da za ka gani da ido. Ba ka san kilomita nawa ta ci kafin a ciro ta ba. In dole ta sa, to a gaban makanikinka, kuma da sharaɗin mayarwa. Su kuma gwanayenmu masu huda ta su ɗura mata sabon mai su toshe, a gaishe su da dabara, ta fitar da mutum daga daji. Sai dai ta kai ka gida ce kawai, tunda robar da ta zubar da man farko tana nan yadda take. Mai gas kuwa kada a kusanto ta da wuta, iska ce a matse a ciki.

In ka je saye, kada ka ce "ba ni ta Hilux" kawai. Hilux iri-iri ce. Wadda ta fito daga 2005 gabanta daban yake da na tsofaffin. Land Cruiser ɗin nan mai ƙirar akwati da ake motar asibiti da ita, tun 1984 ake yin danginta, amma daga 1999 aka mayar da gabanta murɗaɗɗen ƙarfe maimakon lam. Tafi da lambar shasi da ke kan kart giriz, ko ka ciro tsohuwar ka tafi da ita. In kuma ka ƙara wa mota lam ta ɗaga, faɗa wa mai shago, don tsawon ya canza. Gajera za ta riƙa miƙewa har ƙarshe tana fizgar mazauninta, wata rana ka ji ƙarfe ya ɓalle.

Ka fitar da ita daga kwali. Dubi lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ta yi daidai da ta kwalin? Dubi walda, dubi sandar ko sumul take. Tsayar da ita, ka danna ka ja sau huɗu ko biyar: ya kamata ka ji tana riƙe hannunka tun daga farko har ƙarshe, ba wurin da ta sake, kuma ja ya fi dannawa wuya. Mai gas in ka danna ka saki, da kanta za ta dawo a hankali. Wannan gwaji yana kama ta banza ƙwarai, amma ba ya kama jabu mai wayo, don da sanyinta ita ma tana da tauri. Shi ya sa mutumin da ka saya a hannunsa ya fi kwalin muhimmanci. Wanda ke da shago, ka san inda za ka same shi gobe, ya kuma yarda ya rubuta maka faktir da kwanan wata. Wanda ya ce "ba ma rubutawa", ka gode masa ka wuce.

Ƴan uwa makanikai, ku ma da naku. Mun sha ganin an kama sandar amortisa da filaya ana ɗaure noti. Tabo ɗaya a sandar nan ya isa ya yanke roba. A canza robobin sama da ƙasa tare da ita, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A mayar da rigar ƙura. Kuma a sauke mota ta tsaya kan tayoyinta kafin a yi ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna.

Ga wani gwaji da wani tsohon direba ya koya mana, ba ya cin ko dala. In ka yi tafiya mai ɗan nisa a gargada, tsaya, ka kai bayan hannu kusa da kowace ɗaya, a hankali don tana iya ƙuna. Mai aiki za ka ji ta da ɗumi. Wadda ka ji ta sanyi ƙalau alhali ƴan uwanta sun yi zafi, rakiya kawai take yi.

Inda maganar ta fi damunmu shi ne motocin da ba na mutum ɗaya ba: motar asibiti, motar meri, motar ƙungiya. A nan wanda ke sayen kayan ba shi ke kwance a baya ba. Muna roƙon kwamitocin da ke kula da kuɗin asibitocinmu na karkara, in an kawo takardar gyara, a nemi ganin tsofaffin da aka ciro, a duba lambar sababbin, a rubuta kilomitar da mota take ranar da aka sa. Littafin ɗan lakkwal ɗaya ya isa. Bayan shekara za a san wace iri ce ta jure hanyarmu, kuma daga wane shago. Direbobin tasha ma za su iya haka: mutum biyar masu mota iri ɗaya su haɗa kuɗi su aiki amintacce guda, ya sayo kwali-kwali a wuri ɗaya. Mai shagon da ya san zai rasa motoci biyar a lokaci guda ba ya saurin miƙo jabu.

Shi Alhajin da muka fara da labarinsa ya sayi biyu na baya kafin kaka, masu gas, ya rubuta ranar da alli a cikin ƙofar direba. Mun haɗu da shi a tasha makon jiya, ya ce har yanzu a bushe suke, na gaba yake tara wa kuɗi.