A Buɗe Wa Masu Ƙera Ƙananan Jiragen Sama Ƙofa

Tun a watan Nuwamba na shekarar 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka a Kano, mutanenmu suka ɗauki jirgin sama a matsayin kayan hukuma da attajirai. Ni kuwa ina ganin wannan tunani ya jawo mana asara mai yawa, domin a ƙasashen da suka ci gaba, masu tashi don nishaɗi a ƙananan jiragen da suka harhaɗa da hannunsu su ne gandun da ake renon injiniyoyi da matuƙa.

Hujjata tana nan Kaduna. Jirgin Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin guda 60 domin horar da matuƙan sojan sama a shekarun 1990, asalinsa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, wanda akan sayar wa masu sha'awa gunduwa-gunduwa su haɗa a gida. Ke nan abin wasan wani shi ya zama makarantar sojanmu.

Mu ma ba mu rasa masu wannan sha'awa ba. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic, ya ɗaga shi sama kamar ƙafa bakwai. An yi ta tafi, aka watse. Irinsa ba tafi yake bukata ba, doka yake bukata da filin gwaji da malamin da zai ce masa nan ka yi daidai, nan kuwa za ka halaka.

Amurka ta warware wannan tun 1982, inda ta ware wani rukuni na jirgin mutum ɗaya wanda nauyinsa bai kai kilo 115 ba, aka ƙayyade masa gudu da yawan mai, aka hana shi bi ta kan cunkoson jama'a ko tashi da dare, sannan aka yafe wa matuƙinsa lasisi. Ban ce mu kwafi wannan sak ba. Halin tsaro a Arewa ya sa dole kowane jirgi ya zama da rajista, kowane matuƙi kuma da horo. Amma rajista daban, rufe ƙofa daban.

Akwai ma nau'in da ba ya nisa da ƙasa ko ruwa. Idan fiffike ya kusanci shimfiɗaɗɗen wuri, iskar da ke ƙarƙashinsa kan matse ta tallafe shi, sai ya tafi da ƙaramin ƙarfi. A kan wannan hikima Tarayyar Sobiyet ta gwada wani ƙaton jirgi a Tekun Kasfiya a 1966. Ƙananan irinsa shimfiɗaɗɗen ruwa kawai suke nema, ga kuma madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Daga nan zuwa Rogo har iyakar Jihar Kaduna fili ne a buɗe, kuma Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da nisa.

Sai dai ruwan na masunta ne kafin ya zama na kowa. Duk gwajin da zai tsinke koma ko ya kifar da kwalekwale zalunci ne, don haka sai an zauna da su da sarakunan yankin an shata wuri da lokaci, a kuma dakata idan hazon hunturu ya sauko.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, da ta sauƙaƙa ƙa'ida ga ƙananan jiragen nishaɗi, Kwalejin Zariya ta riƙa duba su kafin su tashi, Gwamnatin Kano kuma ta ware fili ɗaya na gwaji. Matashin da aka hana shi ƙofa ba zai daina ƙira ba. Zai gwada ne a bayan gari, babu mai duba shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma abin da ya fi duka shi ne a koya masa rawar.